Dan Allah masu kaɗa bes ku taimaka, ƙarar tsirkiya ta hana ni sakat

Ɗan Gwammaja:

Assalamu alaikum ƴan uwa, barkanmu da war haka. Dan Allah duk wanda ya san kan jitar bes ya taimaka min da shawara, abin nan ya kusa sa in jingine ta. Wata huɗu kenan da na sayi wata ta hannu a Sabon Gari, mai tsirkiya huɗu ce (E, A, D da G, daga mai kauri zuwa siririya) ƙirar Jazz amma ba ta kamfanin Fender ta asali ba, na haɗa da wani ƙaramin amfilifaya, kuma ba ni da malami sai YouTube. Da yatsu biyu nake kaɗawa, manuni da na tsakiya, babban yatsa kuma na kafe shi a kan fikof, wato abin nan da ke ɗaukar sautin tsirkiya a jikin jitar, ba ya motsi kamar yadda na ga wasu suna yi.

A ɗaki ni kaɗai sai in ji kamar hannu ya fara faɗawa. To shekaranjiya wani abokina da yake aiki a wani sutudiyo a Zoo Road ya ce in zo in ɗora masa bes na gaske a kan wani kiɗa maimakon na fiyano da suka saba sawa, na tafi da murnata muka ɗauka, da ya ware nawa shi kaɗai ya kunna min wallahi sai da jikina ya yi sanyi. Akwai wani gunji ƙasa-ƙasa da ba ya yankewa, kamar an faka tirela a ƙofar gida ba a kashe ta ba, ko na bar wannan sautin na koma wani shi yana nan. Ga wani ƙas-ƙas duk sanda na ja tsirkiya musamman E mai kaurin nan, sannan in na ja hannun hagu daga firet na 3 zuwa na 8, wato ƙarafan nan da aka jera a wuyan jitar, sai ka ji ƙiiii. Abokin nawa bai ce min komai ba, kawai cewa ya yi mu bari sai wani lokaci, ya mayar da na fiyanon. Abin ya tsaya min a rai har yanzu.

Shin hannuna ne ko jitar ce ba ta da kyau? In jitar ce gara in sani in fara tara kuɗi. Kuma yatsana na tsakiya ya yi bororo, in ci gaba da kaɗawa a haka ko in huta?

Baba na Fagge:

Wa alaikumus salam ƙanina. Kar ka sayar da jitar nan kar kuma ka jingine ta. Babu ɗan bes ɗin da wannan ranar ba ta zo masa ba, ni tawa a gidan biki ta same ni gaban jama'a, mai ganga yana ta waigowa yana harara ta ban san laifina ba sai da aka tashi, yau sama da shekara ashirin kenan.

Kafin ka yarda da maganata yi wannan gwajin da kanka. Kunna amf, kar ka bari komai ya taɓa sauran tsirkiyoyin, danna firet na 2 a kan G siririyar, kaɗa sau ɗaya da kyau, sai ka tsayar da G ɗin ita kaɗai ka kasa kunne. Za ka ji sautin bai mutu ba. Yanzu ɗora yatsa a kan A, sai ka ji ɗif. Alhali ko taɓa A ba ka yi ba tun farko. Abin da ya faru shi ne firet na 2 a kan G sautin A ne, yana girgiza sau 110 a sakan ɗaya, ita kuma tsirkiyar A a sake sau 55 take yi, rabinsa daidai, to girgizar sai ta bi ta jaki, wato ƙarfen da tsirkiyoyin suke zaune a kai a jikin jitar, da katako ta tashi ƴar uwarta. Wannan ita ce tirelar taka. Mai kuntigi tsirkiyarsa ɗaya, in ya tsayar da ita magana ta ƙare, kai kuwa huɗu gare ka, kana kaɗa ɗaya uku suna nan a sake, in ba ka rufe musu baki ba sai sun tanka.

Raba aikin za ka yi tsakanin hannayenka. Duk tsirkiyar da ta fi wadda kake kaɗawa kauri, wato na sama wajen ƙirjinka, hannun dama ne zai kula da su. Waɗanda suka fi ta siranta, na ƙasa wajen cinyarka, na hagu ne.

Hannun daman nan a nan nake zargin matsalarka ta fi yawa, tunda ka ambaci ƙas-ƙas ka kuma ambaci bororo. Ina kyautata zaton kana sa yatsa ƙarƙashin tsirkiya ne ka fizgo ta waje kamar yaro mai harbin tsuntsu da danƙo, in ka saki dole ta koma ta maki ƙarafan firet. Ba haka ake yi ba. Ɗora naman kan yatsa a kanta, ka ja shi ya bi ta kanta ya wuce zuwa wajen jikinka har ya faɗa kan tsirkiyar da ke samanta ya tsaya a nan, kamar kana shafo ƙura a kan tebur. Kaga tsuntsu biyu kenan da dutse ɗaya, sautin ya fito da kauri, kuma yatsan da ya sauka ya kashe maƙwabciyar. In kana kan G yatsa ya sauka kan D, in kana kan D ya sauka kan A, haka dai.

Babban yatsa kuma ba a kafe shi waje ɗaya kamar turke. In kana kaɗa E ne kawai zai zauna kan fikof. Da ka koma A ko D sai ya sauko ya zauna kan E. In ka je G sai ya ƙara saukowa kan A, gefensa yana jingine da E. Da farko zai dinga makara, ka yi haƙuri da shi.

Sannan ka rage ƙarfi ƙanina, ka rage sosai. Masu ƙaramin amf duk haka suke, ba sa jin kansu sai su huce a kan tsirkiya. Ƙara bolum har ya ɗan fi yadda kake so, sai ka kaɗa a hankali yadda ƙarar za ta dawo daidai, amf ɗin ai don haka ka saye shi. Bororon nan kar ka fasa shi, ba shi kwana biyu uku ya kwanta, ka yi aikin hannun hagu kafin nan, a hankali wajen zai yi kanta ka manta da shi. Farce kuma ka yanke ƙasa sosai, ko kaɗan ya leƙo sai ka ji shi a rikodin.

Na hagu kuwa, yatsu a ɗan kwance ake ajiye su ba a tsaye kamar ƙafar gizo-gizo ba, yadda cikin manuninka zai shafi sirara da ke ƙasa ba tare da ya danna su ba. Ka danna dab da bayan ƙarfen firet, ba tsakiyar gidan da ke tsakanin ƙarafa biyu ba, ba kuma a kan ƙarfen ba. In za ka yanke sauti sassauta yatsa kawai za ka yi ya ci gaba da taɓa tsirkiya, in ka ɗage shi gaba ɗaya da sauri kamar ka sake kaɗa ta ne a sake.

Sauke metronom, manhajar da ke buga maka ƙidayar kiɗa, a waya ka sa bugu 60 a minti. Kaɗa sauti ɗaya a bugu ɗaya, bugu na gaba ka yi shiru, shiru na gaske, ka bi tsirkiyoyin huɗu daga E zuwa G ka dawo kana musanya yatsu. Minti goma kullum kafin ka taɓa kowace waƙa, kuma ka ajiye waya tana ɗauka ka saurara bayan ka gama, don kunne yana rufa wa mai shi asiri in yana cikin kaɗawa.

Mai Tsirkiya Biyar:

Sannu Baba, Allah ya ƙara girma, duk abin da ka faɗa haka yake. A kan babban yatsa ne kawai nake da ɗan ja, ba don naka bai yi ba sai don shi ɗan'uwan namu yanzu yake farawa, gara ya san akwai wata hanyar.

Ni a coci nake kaɗawa nan Sabon Gari, tawa mai biyar ce akwai B a saman E, kuma B ɗin nan ko tari ka yi kusa da ita sai ta amsa. Na yi shekara biyu ina yin irin na Baba amma in na je G sai B da E su kuɓuce min tunda yatsa ɗaya ba zai zauna kan uku ba. Sai wani da ya girme ni a harkar ya nuna min in daina dogara babban yatsa a kan komai, in kwantar da shi kawai, bayansa ya shimfiɗu a kan duk masu kaurin da ba na kaɗawa, hannun gaba ɗaya ya dinga sauka yana hawa tare, motsin daga kafaɗa yake fitowa ba daga wuyan hannu ba. Sati uku na farko ji na yi kamar ba ni da ƙarfi sam, don na saba da abin dogarawa, amma daga baya ciwon da nake ji a wuyan hannu bayan doguwar sujada ma ya tafi saboda hannun ya miƙe ba ya lanƙwashe. Gwada duka biyun ka ga wanda jikinka ya karɓa.

Wani abu da ya taɓa rikita ni, in ka kashe tsirkiya da yatsa ɗaya tak kuma aka yi dace yatsan yana saitin firet na 5 ko na 7 ko na 12, ba za ta mutu ba, wani siririn sauti za ta yi kamar ƙararrawa. Shi ya sa a hannun hagu yatsu biyu ko uku ake ɗorawa.

Shi kuma ƙiiii ɗin, duba tsirkiyarka da kyau za ka ga waya ce aka nannaɗe da wata waya zagaye-zagaye, in ka bi da farce za ka ji gargada. Fatar yatsa ce take gogar wannan gargadar. Sassauta dannawa kafin ka ja hannu, ba wai ka ja kana danne ba. Amma ma tsaya, ka ce daga firet na 3 zuwa na 8? In a kan E ne to daga G za ka C kenan, kuma C ɗin nan tana nan a firet na 3 na tsirkiyar A, ƙasan yatsanka kai tsaye, ba sai ka yi wannan doguwar tafiyar ba. Yawancin jan hannun da sababbi suke yi rashin sanin wuyan jita ne. Lokacin hunturu kuma abin ya fi tsanani don fata ta bushe, ka dinga shafa mai da daddare in za ka kwanta, ba dab da za ka ɗauki jita ba, maiƙo yana kashe tsirkiya.

Injiniyan Zoo Road:

Mutumina ni ba makaɗi ba ne, ɗaukar sauti ne aikina, bari in faɗi ta ɓangarena. Ka fara tabbatarwa gunjin nan duk na hannu ne, don akwai na wuta. Kwantar da tafin hannu kan tsirkiyoyin duka yadda babu mai motsi, ka buɗe bolum. In ka ji shiru to maganar su Baba ce kawai. In akwai wani zuuu da bai damu da hannunka ba wannan wuta ce, wutarmu a Najeriya sau 50 take juyawa a sakan, kusan daidai da sautin G na firet na 3 a kan E, shi ya sa yake ɓuya a cikin kiɗan bes mutum bai gane ba.

Tunda ƙirar Jazz ce fikof biyu gare ta da bolum biyu, buɗe su duka har ƙarshe, a haka suke kashe wa juna wannan zuuu ɗin, in ka rage ɗaya sai ya dawo. Nisanta da cajar waya da ta laftof, ka ɗan jujjuya a inda kake zaune za ka ji akwai fuskar da ƙarar ke raguwa. Canza wayar jak, wadda ta haɗa jitar da amf, ma ka gani, rabin matsalar da ake kawo min daga waya mai arha take. In kana taɓa tsirkiya zuuu ɗin yana raguwa wannan ba komai, haka suke. Amma dan girman Allah in ka taɓa ji tsirkiya ta ɗan ja ka ko kaɗan ne, kashe amf ɗin ka kai wa mai gyara, kar ka ce ai kaɗan ne, gidajenmu da yawa soket ɗin ba shi da wayar ƙasa, ga mutane suna kaɗawa ba takalmi a kan siminti.

Dabarar da nake yi wa masu zuwa wajena kuma, guntun soson katifa nake yankowa in cusa ƙarƙashin tsirkiyoyi dab da jaki, ya ɗan taɓa su kawai. Nan take gunji yake raguwa sautin ya zama gajere mai kauri. Ba ƙauyanci ba ne, Fender da kansu bayan sun fito da jitar bes ƙirar Precision a 1951 sun daɗe suna manna irin wannan a cikin murfin jaki. James Jamerson na kamfanin waƙa na Motown a Amurka, wanda har yau ake koyon bes daga kiɗansa, da soso a jitarsa yake kaɗawa, da tsirkiya mai sulɓi wadda ba ta da gargada, kuma yawanci da manuni kaɗai. Irin wannan tsirkiyar kusan ba ta ƙiiii, sai dai ta fi tsada kuma samunta a nan sai an sha yawo ko a yi oda.

Kuma ka kwantar da hankalinka, duk bes ɗin da aka ware shi kaɗai sai ka ji ƴan ƙananan ƙararraki a ciki, ganga da fiyano suna shigowa suke rufe su. Gunjin ne ba ya rufuwa, shi yake dagula kiɗa. Da ni ne abokin naka da na gaya maka haka a ranar, shirun da ya yi bai kyauta ba.

Baba na Fagge:

Injiniya na yarda da soso ranar ɗauka, aiki ne ake so ya fita. Amma a ɗaki lokacin koyo ban yarda ba, shi da ribom ɗin gashin mata wanda yara suke ɗaurawa a kan wuyan jita. In ka toshe ƙarar da soso hannu ba zai taɓa sanin yana da aiki ba. Ni da zan so ma ya ƙara tirebul, wato siririn ɓangaren sauti, lokacin gwajin nan na minti goma, duk abin da ke ɓoye ya fito fili ya ji shi. Maganar Mai Biyar kuma ba ni da ja, wanda duk ya kama a cikin biyun ya riƙe shi da gaske.

Ɗan Gwammaja:

Na dawo bayan kwana tara, Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Baba gwajin nan naka tun a daren na yi, da na ɗora yatsa kan A na ji ɗif sai da na maimaita ya fi sau goma, wata huɗu abin yana gabana ban sani ba. Kuma gaskiyarka fizgowa nake yi, na sa waya ta ɗauki hannuna ta gefe na gani ƙuru-ƙuru. Yanzu yatsa yana sauka kan ta sama, in ina a hankali a 60 shirun yana fita tas, amma da na kai 90 babban yatsa sai ya manta ya tsaya kan fikof. Na gwada na Mai Biyar kwana biyu kafaɗata ta gaji, na koma na Baba tukuna. Maganar C kuwa ta rage min wahala ba kaɗan ba. Oga Injiniya ashe fikof ɗaya nake buɗewa tun da na saye ta, na buɗe biyun zuuu ya tafi.

Saura abu ɗaya. A kan E da A, firet na 1 zuwa na 4, ko a hankali na kaɗa sai na ji zzz kamar ƙuda a leda, daga na 5 zuwa sama kuma lafiya lau. Na danna dab da ƙarfe kamar yadda aka ce amma yana nan.

Mai Gyara Kofar Ruwa:

Wannan kam ba hannunka ba ne ɗan'uwa, wuyan jitar ne. Tunda a gidajen farko kawai yake yi, alama ce wuyan ya miƙe da yawa ko ma ya ɗan koma baya, tsirkiya ba ta da filin girgiza. Katako ne, yanayin Kano kuma ka san shi, yadda yake a damina daban yadda yake a hunturu daban, wani lokacin har bakin ƙarafan firet sai ka ji sun leƙo suna kartar hannu in iska ta bushe.

Ga yadda za ka duba. Saita tsirkiyoyin daidai tukuna, ka riƙe jitar yadda kake kaɗawa, danna E a firet na 1 da hagu, ka danna ta a firet na ƙarshe da dama, sai wani ya leƙa maka wajen firet na 8. Ya kamata a ga ƴar tazara tsakanin tsirkiya da ƙarfen, kamar kaurin katin gayyatar biki. In a kwance take a kan ƙarfen to shi ne. Akwai ƙarfe a cikin wuyan da ake juyawa da alanki, sassauta shi ake yi, wato juyin kwance noti, kwata ɗin zagaye kawai, a sake saita tsirkiya a bar ta ta kwana sannan a kuma dubawa. Sai dai tunda ta hannu ce ba ka san abin da ta gani a baya ba, in alankin bai zauna daram ba ko ka ji ya cije kar ka matsa masa, na sha karɓar waɗanda aka cinye musu kan notin, gyaransu ya fi kuɗin jitar. Duba tazarar dai tukuna ka zo ka faɗa mana abin da ka gani kafin ka juya komai.